KATIFA DA GADO: ABIN DA MAI AIKA KUƊI GIDA YA KAMATA YA SANI

Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, ko kuma bayan an gama girbi, harkar aure takan tashi a Minna kamar yadda take tashi a sauran garuruwan Arewa. A irin wannan lokaci wanda ya bi ta Dutsen Kura zai riƙa cin karo da Keke Napep an ɗaure masa katifa a bisa rufi, da a-kori-kura cike da ɓangarorin gado, an nufi gidan amarya domin jere. Kuɗin waɗannan kaya da yawa daga Kudu suke fitowa, watau daga hannun 'yan'uwa masu neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗin gadi ko na dako ko na kayan gwari, ranar da aka buga masa waya aka ce an sa ranar 'yarsa ko ƙanwarsa sai ya tura su gaba ɗaya, ya ce a sayi gado da katifa mai kyau.

To, a nan ne ake samun saɓani, domin kowa da abin da yake kira mai kyau. Mai aikawa yana nufin mai kauri. Gwaggwanni masu jere suna son wadda za ta yi tudu ta cika idon 'yan ganin ɗaki. Mai shago kuwa ya fi son wadda ribarta ta fi tsoka ta fita. Wadda za ta yi shekaru tana kwana a kai ba safai akan tambaye ta ba. Kafin shekara ta zagayo sai katifa ta yi kwari a tsakiya, a wayi gari da ciwon baya, kuɗi kuwa sun tafi, wanda ya tara su yana can bai ma sani ba. Haka nan yake faruwa idan tsoho ko tsohuwa aka saya wa.

Mai barcin awa 8 a rana, idan ya kai shekara 60, ya yi shekara 20 ke nan a kwance. Saboda haka abin kwanciya ya cancanci irin binciken da ake yi wa babur kafin a biya kuɗinsa.

Daga tabarma zuwa soso

Dutsen Kura unguwa ce mai ɓangare biyu, akwai Dutsen Kura Hausa, akwai Dutsen Kura Gwari. Kamar sauran unguwannin Minna, ta cika ne bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da garin hedkwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa shigowa. A 1983 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda tsohon mazauninta yake Bosso, ɗalibai suka ƙaru a gidajen haya. Don haka a unguwa ɗaya ana samun mai neman 'yar katifar ɗalibi mai faɗin ƙafa 2 da rabi, ana kuma samun mai neman ta amarya mai ƙafa 6 ta kowane gefe.

Tsofaffin unguwar ba a kan soso suka tashi ba. A da abin kwanciya shi ne tabarmar kaba, da buzu, da gadon kara, sai gadon ƙasa da akan hura wuta a ƙarƙashinsa domin mai jego ko tsoho lokacin ɗari. Mai hali shi ke sayen katifar rimi, watau wadda aka cusa wa audugar rimi, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya yi ta ciyawa. Katifar rimi tana da sanyin kwanciya, kuma idan ta kwanta akan farke ta a sheme audugar a ƙara mata sabuwa. Illarta ita ce takan dunƙule wuri-wuri, tana tara ƙura mai tayar wa mai asma da ciwonsa, kuma da wuta ta taɓa ta sai ta kama.

Daga baya gadon ƙarfe mai waya ya shigo. Kamfanin Vono da ke Mushin a Ikko ya yi suna da shi har sunan kamfanin ya zama sunan gadon a bakin jama'a. A Kano kuma iyalan Moukarim suka kafa masana'antar gadon ƙarfe da kayan ɗaki a 1959, kuma daga cikinta ne kamfanin Mouka mai yin soso ya fito a Ikko a 1972. Kamfanin Vitafoam ya riga shi, domin a 1962 aka kafa shi a Ikeja, kuma shi ne ya haɗe da Vono a 2016. Shi kansa sinadarin da ake yin soson katifa da shi, wani Bajamushe mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1937.

Har yanzu manyan sinadaran da ake haɗawa a yi soso daga ƙasashen waje ake shigo da su. Wannan ne ya sa lokacin da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 farashin katifa ya yi tashin gwauron zabo. Idan kaya suka yi tsada kuwa, masu algus sukan sami kasuwa.

Kauri daban, nauyi daban

Abu na farko da ya kamata mai saye ya gane shi ne kaurin katifa bai nuna ingancinta ba. Soso haɗi ne na sinadari da iska. Mai yin sa yana iya ƙara kumfa ya rage sinadari, ya fitar da katifa mai inci 20 wadda yawancinta iska ce. Irin wannan ita ce mai cika ido ranar jere, ita ce kuma mai saurin lotsawa.

Ma'aunin da masana'antu ke amfani da shi shi ne nauyin soso, wanda masu shago ke kira dansiti, watau kilo nawa ne a cikin soson da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kowanne mita ɗaya ne. Idan lambar ta yi sama, sinadarin ya fi yawa, katifar kuma ta fi jure nauyi. Lissafin mai sauƙi ne. Katifa mai ƙafa 6 ta kowane gefe, mai kaurin inci 10, idan dansitinta 20 ne soson zai yi kamar kilo 17, idan 30 ne zai kai kilo 25 da ɗoriya. Saboda haka idan aka ga ƙatuwar katifa wadda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, to an san abin da ke ciki.

Amma nauyi kaɗai ma bai isa shaida ba, domin akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin don soso ya yi nauyi. Irin wannan soson yakan yi saurin marmashewa. Dabarar ita ce a danna katifar da gwiwa ko da tafin hannu da ƙarfi sannan a ɗaga. Mai kyau takan dawo yadda take nan take, mara kyau takan bar gurbi. Ban da wannan gwaji akwai wani soso na musamman da aka ƙirƙiro a Amurka a 1966 domin kujerun jiragen sama, wanda da gangan aka yi shi ya riƙa dawowa a hankali yana bin siffar jiki. Yana da daɗin kwanciya, amma yana riƙe zafi, abin da mazaunin Minna ya kamata ya yi tunani a kai.

Wani algus da ya zama ruwan dare shi ne a ɗauki soso mara kyau a lulluɓe shi da yadi mai tambarin babban kamfani. Maganin wannan shi ne a saya wurin dilan da kamfani ya amince da shi, a duba lakabin da aka ɗinka a jikin katifar, a nemi alamar Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, watau SON, a kuma karɓi rasit da katin garanti. Manyan kamfanoni sukan bayyana nauyin mutumin da kowace irin katifarsu za ta iya ɗauka. Sai a tambaya, a kuma tuna cewa katifar aure ta mutum biyu ce.

Tauri ko laushi?

An daɗe ana cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar daɓe. Wannan ne ya sa da yawa idan za su saya wa tsoho sai su ce a ba su otofedik, watau katifar da akan yi da gutsattsarin soso a matse su da gam har su yi tauri da nauyi. A 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Sifen a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba musu katifu, wasu masu tauri sosai, wasu matsakaita, ba tare da an gaya musu wace iri suka samu ba. Bayan kwana 90 sai aka ga waɗanda suka kwana a kan matsakaiciya sun fi samun sauƙi.

Dalili kuwa shi ne ƙashin bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda, yana da lanƙwasa ta halitta. Idan katifa ta cika laushi, ƙugu yakan nutse, baya ya lanƙwashe har safe. Idan kuma ta cika tauri, kafaɗa da kwatangwalo su kaɗai ke ɗaukar nauyin jiki, tsakiyar baya ta rasa abin dogara. Yawancin jama'a a gefe suke kwana, musamman gefen dama saboda koyi da sunna, kuma mai kwanan gefe yana bukatar katifar da za ta ɗan ba kafaɗa da kwatangwalo wuri. Mai ƙiba yana bukatar wadda ta fi tauri da nauyi. Tsohon da ya rame kuwa, katifa mai tauri sosai takan sa ƙasusuwansa su riƙa yi masa ciwo.

Gani ya kori ji. Wanda zai kwana a kan katifa shi ya kamata ya gwada ta, ya kwanta kamar minti 10 ko 15 a irin kwanciyar da ya saba. Idan ya yi rigingine ya cusa hannu a ƙarƙashin ƙugunsa ya ji fili, katifar ta yi masa tauri. Idan hannun ya kasa shiga, juyawa kuma ta yi masa wuya, ta yi laushi. Idan hannun ya shiga da ɗan matsi, an dace. Gaskiya ne amarya ba za ta je Kasuwar Kure ta miƙe a kan katifa a gaban mutane ba, saboda kunya. Amma ana iya aika yayarta ko gwaggonta mai irin jikinta, ko a tambaye ta a ɗaka wace katifa a gidajen 'yan'uwa ta fi jin daɗinta, sai a nemo irinta.

Sai dai katifa ba asibiti ba ce. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko zazzaɓi, ko rama, ko kasa riƙe fitsari, likita yake bukata ba tare da jinkiri ba. Mara lafiyar da ba ya iya tashi kuma, kowace irin katifa aka ba shi, sai an riƙa juya shi kamar kowace awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo.

Gadon da za a ɗora ta a kai

Da yawa sukan kashe kuɗi a katifa su manta da abin da ke ƙarƙashinta, alhali kuwa katifa siffar gadonta take ɗauka. Tsohon gadon ƙarfe wanda wayarsa ta saki, kowace katifa aka ɗora masa za ta yi kwari. Idan ba halin sake shi, sai a shimfiɗa masa katako a kan wayar.

Idan gadon katako ne, abin dubawa shi ne sandunan da kafinta ya gitta. Bai kamata tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inci 3 ba, kamar faɗin yatsu huɗu. Wasu kafintoci don tsimin katako sukan jera guda biyar ko shida kawai a gado mai tsawon ƙafa 6, soso ya riƙa nutsewa a tsakani har ya tsage. Gado mai faɗin ƙafa 4 da rabi zuwa sama kuma yana bukatar ƙarin sanda a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarta da ta taɓa ƙasa. Idan falle guda za a shimfiɗa maimakon sanduna, sai a huda masa ƙofofi domin iska ta ratsa.

Irin katakon ma abin tambaya ne. Maɗaci da loko suna da ƙarko, gara ba ta cika damunsu ba, sai dai tsada. Malaina ta fi araha, kuma tana aiki idan ta bushe sosai kafin a sarrafa ta. Ɗanyen katako kuwa yakan karkace ya buɗe baki da zarar hunturu ya busa. Gadajen yayi masu sheƙi da yawa da garin katako da aka matse ake yin su, wanda kafintoci ke kira MDF. Suna da kyan gani, amma da ruwa ya taɓa su sai su kumbura, kuma ramin kusa yakan saki idan an kwance an ɗaura sau biyu ko uku. Wanda ke zaman haya, yana tashi daga wannan gida zuwa wancan, ya yi la'akari da wannan.

Bugu da ƙari akwai maganar tsayi. Ma'auni shi ne mutum ya zauna a bakin gado, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, gwiwarsa ta yi daidai da ƙugunsa. Katifa mai inci 20 a kan dogon gado wahala ce ga mai ciki, haɗari ce ga tsoho da ke tashi alwala da asuba cikin duhu, haka kuma ga yaron da zai mirgino. Katifa mai inci 8 ko 10 ta soso mai nauyi ta ishi yawancin mutane. Kafin a biya kuɗi kuma a auna ɗakin da ƙofarsa, domin ɗakunan haya da yawa idan aka sa musu gado mai ƙafa 6 ba sauran wurin shimfiɗa sallaya.

Zafi, damina da kuɗin cizo

Wanda ya san Minna ya san zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da mutane ke fitowa tsakar gida da tabarma saboda ɗaki ba ya kwantuwa. Soso ba ya barin iska ta ratsa kamar rimi. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne al'adar barin ledar shago a jikin katifa wai don kada ta yi datti. Ledar tana tara gumi, tana kawo ƙuraje, tana kuma hana katifar shan iska. Gara a cire ta a ɗinka wa katifar riga ta yadin auduga da za a riƙa wankewa. Inda akwai yaro mai fitsarin kwance, sai a shimfiɗa leda a wurinsa kawai a rufe da zane.

Da damina kuma, musamman Agusta da Satumba da ruwa ya fi yawa, daɓen siminti yakan yi danshi. Katifar da aka yasar a ƙasa takan yi fumfuna daga ƙarƙashi. Wanda bai da halin gado yana iya sa kafinta ya buga masa ɗan dandamalin katako, ko ya riƙa jingine katifar da bango kowace safiya. Yana da kyau kuma a riƙa juya ta duk bayan wata 3, kai ya koma ƙafa, idan mai fuska biyu ce a kifa ta. Katifa mai kyau da aka kula da ita takan yi shekara 7 zuwa 10.

Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira ƙazunzumi, a ɗinkin katifa da tsagar katako yake ɓuya, kuma ta hanyar katifar gwanjo da jakar matafiyi ya fi shiga gida. Alamarsa ita ce ɗige-ɗigen baƙi a bakin ɗinki. Zafi yana kashe shi, don haka a wanke zannuwa da tafasasshen ruwa, a kwara shi a tsagogin gado, a shanya katifa a rana. Abin da ya kamata a guje wa shi ne zuba fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kan abin kwanciya, domin guba ce da ke shiga ta fata da numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, kuma tun asali don gona aka yi shi.

Akwai kuma haɗarin wuta. Soso yana ci da sauri, hayaƙinsa kuma yana da guba da kan sumar da mutum kafin harshen wuta ya iso shi. Kyandir, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turaren wuta, kada a ajiye su kusa da katifa. Jariri kuma a kwantar da shi rigingine a wuri mai ɗan tauri, ba a kan katifa mai nutsewa ko matashi ba, don kada hancinsa ya toshe.

Kafin a tura kuɗi

Wasu sukan ga kamar katifar Ikko ta fi ta gida, su saya su naɗe ta da igiya a ɗora a kan mota ta bi Badun da Ilori da Jabba da Makwa da Bida kafin ta isa Minna. Wannan wahala ce kawai. Vitafoam yana da masana'anta a Kano da Jos, Mouka yana da ita a Kaduna, kuma akwai dilolin katifa a Minna. Naɗewa da ɗauri na kwanaki yana raunana soso, katifa mai sifirin kuwa idan aka lanƙwasa ta ta lalace.

Abin da ya fi shi ne mai aikawa ya zaɓi mutum ɗaya amintacce, ya gaya masa wa zai kwana a katifar, nauyinsa, shekarunsa, da ko yana da ciwo. Ya ce a ɗauko masa hoton lakabin da rasit a waya. Ya raba kuɗin tun daga can, kaso mafi tsoka ga katifa, saura ga gado mai ƙarfi ko da ba shi da ado. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba kullum take nufin inganci ba. Idan kuɗin ba su isa duka biyu ba, gara katifa mai kyau a kan dandamali da gado mai madubi ɗauke da katifar iska. 'Yan ganin ɗaki kwana ɗaya za su yi su watse.

Daga ƙarshe akwai shi kansa mai aikawa. Da yawa daga cikin masu tura kuɗin nan a kan benci ko kwali suke kwana a bakin shago ko cikin kasuwa, bayan sun wuni suna dako ko tuƙin babur. Damina a Ikko da Fatakwal ta fi ta Minna tsawo da danshi, kuma da wannan bayan ne ake neman abin da ake aikawa. 'Yar katifa mai faɗin ƙafa 2 da rabi da kaurin inci 4, a kan tabarma ko katako, tare da gidan sauro, ba za ta ci rabin kuɗin ta amarya ba, kuma da safe ana iya jingine ta a lungu. Jiki magayi ne. Wanda ya saya wa na gida abin kwanciya, ya ware wani abu ya saya wa kansa.